Takalmi Mai Ƙusa a Tsaunin Dukku

Duk watan Janairu, lokacin da sanyi ya fi tsanani a Birtaniya, akwai mutanen da kan bar ɗaki mai ɗumi su kama gudu a kan tsaunuka cikin dusar ƙanƙara. Sunan gasar Spine Race. Tana tashi daga ƙauyen Edale na Ingila ta dire Kirk Yetholm a Sikotilan, tafiyar mil 268, ba dare ba rana. A 2019 wata likitar dabbobi, Jasmin Paris, ta riga kowa isa, maza da mata, cikin awa 83 da minti 12. Goyo gare ta a lokacin, har takan tsaya a wuraren hutu ta tatsi nono.

Labarin nan ne ya hana wani malamin firamare na Argungu sakat. Ɗan'uwan mai wannan rubutu ne, don haka za a sakaya sunansa. Cewa ya yi in mai goyo ta iya, shi da ya tashi yana ninƙaya a Matan Fada me zai gagare shi? Sanyi dai muna da namu: da hunturu awon zafi kan sauka ƙasa da digiri 20 da asuba, leɓe ya tsage, dunduniya ta yi faso. An tuna masa cewa Nijeriya ma ta yi gasar hawan dutse a Obudu tun 2005, na ɗaya ya tashi da dala dubu 50. Ya ce can ganye ne da ciyawa, shi sanyi yake nema. Da yake Argungu fadama ce da shinkafa, sai ya sa ido kan tsaunin Dukku a Birnin Kebbi.

Saura kayan aiki. Masu gudun ƙanƙara sukan ɗaura wa takalmansu sarƙa mai ƙananan haƙoran ƙarfe don hana santsi. Gogan naka ya kai kambas ɗinsa wurin mai gyaran takalmi, ya ce a jera masa ƙusoshi a ƙasa. Mutumin ya juya takalmin, ya dube shi, ya ce, "Malam, kai za ka saka ko doki?" Duk da haka ya karɓi kuɗinsa ya buga. Daga nan sai layin 'yan gwanjo: rigar sanyi biyu, jaket, hular sanyi, safar hannu, ga rawani da zai rufe hanci saboda ƙura.

Ya kwana a Birnin Kebbi. Ana sallame asuba ya shafe fuska da basilin ya nufi tsauni cikin hazo.

Abin da labarin bai gaya masa ba shi ne, haƙorin ƙarfe yana aiki ne don ƙanƙara dunƙulalliya ce, yana samun abin cizo. Tuddan yankin nan kuwa marmara ce a sama, jar tsakuwa a gangare. A kan marmara ƙusa zamewa take yi, a cikin tsakuwa kuma babu abin kamawa, taku biyu gaba ɗaya baya. Ga ƙasan kambas ba kauri, kowane taku sai kawunan ƙusoshin sun gaisa da tafin ƙafarsa. Su masu gasar ma siraran kaya suke jerawa, su fara gudun suna jin sanyi, domin gumi a cikin riga shi ne abin tsoronsu. Malam ya yi akasin haka. Kafin rana ta gama fitowa ya jiƙe sharkaf.

Saukowa ce ta tara masa jama'a. Tsakuwa ta kwashe shi, birki ya ƙi. Wasu mata masu itace suka ɗaga kai suka ga ƙato rufe da fuska ya taho a sukwane, ƙafafunsa na ƙarar ƙarfe. A ƙasar nan babba ba ya gudu a banza, kuma in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Suka watsar da itace. Yara suka bi su, awaki suka bi yara, Malam na baya yana ihun "Ku tsaya!", abin da ya ƙara musu mai.

Bai samu tsayawa ba sai a bakin fadama, inda ake dashen shinkafar rani. Injin ban ruwa ya jiƙa kunyar, lakar ta yi sulɓi. Santsin da ya baro Argungu yana nema, nan ya same shi, ya shiga fangali da ka.

Mai gonar dattijo ne, tun duku-duku yake tsaye cikin ruwan sanyi daga shi sai singileti da gajeren wando. Ya tako a hankali ya tsamo shi.

"Ɗana, mi yak koro ka? Kura ta?"

"A'a Baba, motsa jiki nike yi."

"To madalla. Ga shi ka motsa man iri. Sai ka tuɓe ka maishe shi inda yake."

Har hantsi Malam na duƙe yana dashe, haƙoransa na kaɗawa, tsohon ko atishawa bai yi ba. Sai da zai fita aka lura ƙafarsa ɗaya ba takalmi. Da dattijon ya ga abin da ke ƙasan ɗayan, ya rantse ba inda za shi sai an nemo, gonar nan ba mai shiga da takalmi. Aka yi ta lalube cikin laka. Malam ne da kansa ya gano shi, a kife, da ƙafar da ba komai.

A asibitin da aka kai shi allurar tetanus, ma'aikaciyar ta tambaya, "Ƙusa nawa ka taka?"

Ya ce, "Duka."