Jitar Kawu

A gidanmu da ke Ƙofar Guga akwai wata tsohuwar jitar lantarki da Kawu ya zo da ita daga Ikko zamanin kuɗin Udoji. Tsirkiya biyu suka rage mata, fentin ya ɗaye, Inna kuma ta mayar da wuyanta wurin rataye faifai.

Ranar Asabar ƙanena ya shigo yana haki, waya a hannu. Wai ya gano Turawa na rububin irinta. Kamfanin Fender na Amurka ya fitar da Musicmaster a 1956, sai Mustang a 1964, ƙanana masu araha da gajeren wuya, don yatsun 'yan koyo su kai. Kayan yara ke nan. To, tun da mawaƙi Kurt Cobain ya rungumi Mustang, masu tara tsofaffin kaya suka farka, yanzu dubban daloli ake zubawa, har ƙujewar fentin ma ado ce a wurinsu.

Muka ruga ɗaki. Wayam.

"Inna, ina jitar Kawu?"

"Wannan tarkacen? Ai na ba ɗan gwangwan tun kafin azumi. Yaron kirki, har roba biyu ya ba ni."

Kawu ya ce mu kwantar da hankalinmu, ko sunan kamfani babu a jikinta. Amma tun ranar bai ƙara cin tuwo a robar nan ba.