Masu Gadin Ƙasar da Kakanni Suka Baro

'Yan ci-rani 18 daga ƙasar Norwe ne suka kafa ƙungiyar Sons of Norway a birnin Minneapolis ranar 16 ga Janairun 1895, domin idan ciwo ya kwantar da ɗaya ko mutuwa ta ɗauke shi, sauran su tallafa wa iyalinsa. Yau rassanta sun bazu a Amurka da Kanada har da Norwe kanta, amma duk reshen da ka leƙa, kusan mutane iri ɗaya za ka tarar. A ganina, taurin kan waɗannan mutane da gardamarsu ne ke riƙe da ƙungiyar, fiye da kishin ƙasar da wasunsu sai a hoto suka san ta.

Mai faɗa-a-ji ta gaskiya ba a zaɓe ta zo ba. Ita ce Sarauniyar Lefse, wato gurasar dankali da ake murzawa har ta yi shara-shara. Tana tsaye a bakin kasko da 'yar siririyar sandar juyi, tana ɗaga ta kowa zuwa haske kamar mai binciken jabun kuɗi. Wadda ta yi kauri, to mai ita ba ta samu tarbiyya ba. Wadda ta yage, sai a kira sunan kakarta. Ko a barbaɗa sukari ko man shanu kaɗai ya isa, wannan shari'a ce da ba a gama ba. Kusa da ita akwai Gwarzon Lutefisk. Lutefisk busasshen kifi ne, irin wanda Norwe ke aikowa kasuwannin Najeriya, amma su sai sun jiƙa shi a ruwa mai kaifi kamar ruwan toka, har ya yi ta rawa a faranti yana tashin wani wari. Gwarzon zai ci faranti uku yana zufa yana rantsuwar ba abin da ya kai shi daɗi, alhali shekara guda cur ba zai sake nemansa ba.

Sai Mai Bin Salsala, da tulin takardu a hammata. Tambaye shi ƙarfe nawa, ya kai ka 1825, lokacin da jirgin ruwan Restauration ya taso daga Stavanger zuwa Amurka da mutum 52. Duk bincikensa a fadar wani sarkin Viking yake ƙarewa. Abin mamaki, ba a cika samun wanda ya gano kakansa makiyayin awaki ne ba. Ɗan Uff Da kuwa, duk abin da ya gada daga harshen kakanni bai wuce wannan kalma ta jimami ba, don haka ita ce ta'aziyyarsa, ita ce kukansa idan kofi ya zube. Alƙaliyar Bunad, wato tufafin gargajiyar Norwe, tana jiran faretin 17 ga Mayu, ranar tunawa da tsarin mulkin Norwe na 1814, ta bi kayan gargajiyar mutane da ido ta gano wadda ta haɗa surfanin Telemark da azurfar wani yanki. A gabanta Mai Hular Ƙaho zai wuce yana taƙama, ko da an faɗa masa sau ɗari cewa mayaƙan Viking ba su sa ƙaho a kai ba.

Za a ce ai wannan duk wasan kwaikwayo ne, tunda mutanen Norwe na yau sun fi saba wa da fizar Grandiosa da tako na daren Juma'a, kuma dariya suke wa 'yan'uwansu na ƙetare. Gaskiya ne, Norwe ɗin da ake gadi a jihar Minnesota ita ce ta talakawan manoma da suka tsere wa fatara, ba mai arzikin man fetur ba. Amma dubi abin da gardamar ke haifarwa. Saboda Sarauniya ba ta yarda da murzar kowa ba, dole ta koyar da yara. Saboda Gwarzo na son 'yan kallo, ana shirya liyafar da kuɗinta ke biyan gyaran zaure da tallafin karatu. Kuma da jini ne ma'auni, da ba a ga Suruki ba, wanda kakanninsa daga Italiya ko Meziko suka zo, aure ne kawai ya jefo shi. Shi ke jera kujeru, shi ke wanke tukwanen kifi yana toshe hanci, kuma in aka rasa mai karɓar shugabancin reshe, shi ake lallaɓawa.