Yinin Mai Ɗaukar Hoto a Zanzibar

Yawon buɗe ido a tsohon birnin Zanzibar, wanda ake kira Stone Town, aikin yini guda ne, rabinsa ɗaukar hoto, sauran kuma neman inuwa da wurin caji. Baƙo kan iso da hantsi a jirgin ruwa daga Darussalam, tafiyar kamar awa biyu. A bakin tasha 'yan jagora ke tarbarsa. Mutanen gari na kiran su papasi, wato kaska, sunan da baƙo kan gane hikimarsa kafin azahar.

Lungunan birnin, da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2000, sun yi ƙunci har mota ba ta shiga yawancinsu. Nan ake samun ƙofofin katako masu sassaƙa da manyan ƙusoshin tagulla, salon da aka ce daga Indiya ya zo, inda a da ake kare ƙofa daga giwa. Zanzibar dai babu giwa. Abin da ke addabar ƙofar a yau shi ne baƙo: zai jingina da ita, ya karkata wuya, ya zuba wa sama ido kamar wanda ake bi bashi, mai gidan kuwa yana gefe da cefanensa, yana jiran a gama ya shiga gidansa. Ba a ɗaukar hoton sau ɗaya. A na farko ido ya rufe, a na biyu tumbi ya fito, a na uku mai gidan ya shigo ciki, wanda masana harkar ke ɗauka rashin kunya ne.

A bakin teku akwai Beit al-Ajaib, fadar da Sarki Barghash ya gina a 1883, wadda wani sashenta ya rufta a Disambar 2020. A nan jagora kan ba da labarin yaƙin Ingila da Zanzibar na 1896, wanda aka gama cikin ƙasa da awa guda, wato kafin baƙo ya yanke shawarar hoton da zai ɗora a Instagram. A majami'ar da aka gina a filin kasuwar bayi da aka rufe a 1873 ana buƙatar fuskar jimami, kuma akan riƙe ta har a danna.

Da magariba kowa ya nufi Forodhani, inda ake gasa kifi da tsire, ana matse rake. Abinci ba ya shiga baki sai ya huce a gaban waya. Samari na tsunduma cikin teku daga kan katanga, rana na faɗuwa ja wur, batir kuma kan mutu daidai lokacin. Akan ga baƙo a tsaye ya rasa abin yi, yana kallon faɗuwar rana da idonsa tsirara.

Da dare a masauki ake tantancewa. A mafi yawan hotunan, fadar Barghash takan fito ne a matsayin wani ɗan farin abu a bayan kunne.