Baƙon da ya ce zai koma

Kwamfutata mai Linux tana da halin baƙon nan da zai ce "to, ni zan koma," ya sa takalmi, sannan ya tsaya a zaure ya ɗauko sabon zance. Ka danna kashewa, allo ya yi baƙi, sai wani layi ya fito yana ƙirga daƙiƙa har 90. Wai systemd, sarkin gidan da ke sallamar manhajoji, ya aika wa wata ta tattara kayanta, ita kuwa ta yi kunnen uwar shegu. Sai ya jira ta minti ɗaya da rabi cur kafin ya fitar da ita da ƙarfi. Mutanen Fedora, wani nau'in Linux, dai sun gaji, a 2023 suka rage wa'adin zuwa 45.

Washegari na buga journalctl -b -1 don in ga wa ya tsare mu jiya. Ashe rumbun ajiyar ofis ne da na haɗa ta intanet. Layi ya katse, kwamfuta ta zauna jiran amsarsa kamar mai bin bashi.

Wata rana kuma komai ya mutu amma fanka na ta juyawa, ACPI da BIOS, masu kula da wutar kwamfuta, sun kasa jituwa kan wanda zai kashe fitila. Ƙanena ya ce, "Yaya, ka danne maɓallin kawai mana." Na fara yi masa lacca kan yadda hakan ke lalata fayil. Ina cikin laccar aka ɗauke wuta, batirin kuwa tun bara ya mutu.