Alhaji Ya Yi Sallama, Modem Ya Amsa

Kamfanin fatar da nake wa aiki a nan Sakkwato yana da wakilai a Gusau da Birnin Kebbi, aka ce in haɗa yadda za su riƙa bugowa da kwamfutarsu su shigar da lissafi. Na jona modem a bayan rauta ta Cisco, na buga masa ATS0=1, wato ya ɗauki kira tun ƙarar farko. A wancan lokacin layin NITEL ɗaya ne tal a ofishin, shi ne kuma na teburin manaja.

Wata rana bayan azahar na tara mutane gwaji, na ƙure lasifikar modem don kowa ya shaida. Waya ta yi ƙara, na ɗaga hannu na ce, "Ga Gusau nan!"

Sai muka ji, "Salamu alaikum."

Alhaji ne, mai kamfanin.

Modem ya amsa masa da ƙiii, ya shaƙe, ya kwarara wani ihun kamar akuyar da ta maƙale a danga. Alhaji ya sake sallama, wannan karon a hankali. Aka sake kwarara masa. Ofis tsit, har muna jin numfashinsa, sannan "A'uzu billahi", ya ajiye. Hannuna fa yana nan sama. Akawu ya dubi hannun, ya dubi silin, ko akwai abin da nake nunawa.

Waya ta sake ƙara. Manaja ya kai wawura har hularsa ta faɗi, amma ina, ƙarar farko na ce, modem ya riga shi.

Nan Baba maigadi ya shigo da butarsa, ya zagaya akwatin, ya taɓa shi da bayan hannu.

"Zahi na. Ku aza shi bisa randa."

Na ce, "Baba, ba zafi ba ne."

"To rashin ladabi na. Wa ag gaya mai haka aka amsa ma manya?" Ya ajiye buta, ya duƙa daidai fitilun, ya ce masa a rarrabe, "Wa-alai-kumus-salam. Maimaita."

Ina laluben wayar da zan zare, kira ya sake shigowa, modem ya ɗauka. Baba ya kafa baki jikin lasifika ya ƙwala:

"Ranka ya daɗe, ba mu na ba!"