Taya Huɗu, Buroshi Huɗu

Ranar Talata da sassafe na fito da ƙafar dama kamar yadda aka koya mana. Ƙafar daman ta nufi Kagoro, ta hagu ta kama hanyar Zonkwa, ni kuma na zauna daɓas cikin kumfar Omo a ƙofar gidana. Maƙwabcina ya ɗago kai daga gindin taya, ya dube ni cike da tausayi, ya ce, "Subhanallahi! Malam, Allah dai ya sa ba ka fantsama wa fentin ba."

Ban fantsama ba. Ƙuguna ne kawai ya goce.

Motar Corolla ce 'yar Kwatano, wadda wani Bature ya ci moriyar ganga ya yar mana da kwaurenta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, tafiyarta mafi nisa ita ce daga inuwar mangwaro zuwa inuwar darbejiya, shi ma turawa yara ke yi. Amma wanka sau biyu a rana, ko amarya albarka. Ɗan garuwa ya haddace lissafin gidan: jarka shida na mota, biyu na iyali. In ruwa ya yanke, an san wanda zai yi taimama.

Duk wannan na yafe. Buroshin ne ya tsaya mini a rai.

Bawan Allahn nan yana da buroshin haƙori huɗu, kowane wili da nasa. Ja na gaban dama, kore na gaban hagu, shuɗi da ruwan ɗorawa na baya. Ba a haɗawa, wai kada ƙafar baya ta shafa wa ta gaba datti. Duk wata uku yana sauya su, kamar yadda likitocin haƙori suke faɗa, alhali shi kansa rabonsa da buroshi tun yana makarantar kwana. Reshen darbejiya yake karya. Su kuwa buroshin motar suna da kofinsu na musamman a falo. Ran nan surukinsa ya zo daga Manchok ya kwana, da asuba ya laluba ya ɗauki shuɗin. Da aka gane, gida ya ɗauki salati. Matar tana kukan bakin babanta, maigidan yana tambaya ko tsohon yana cin goro, kada ya ɓata masa wili.

In an gama da buroshi sai a shafa wa tayoyin man birki har su riƙa ƙyalli kamar goshin ango. Bakanike ya gaya masa man birki cin fenti yake in ya ɗiga, Omo kuma kankare folish yake, shi ya sa kullum yake sayen wani folish ɗin. Ya ƙara da cewa goge ƙura da busasshen tsumma daidai yake da dirje mota da yashi. Maƙwabcina ya ce hassada ce, tunda bakanike ba ya samun ko sisi a motar da ba ta motsi.

Kuma da wa yake yaƙin? Da ƙurar hunturu, wadda take tasowa tun daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, wata ma har ta haye teku ta sauka a dajin Amazon. Abin da teku bai tare ba, shi mutum ɗaya ya tsaya wa da tsumma da gajeren wando. Ranar 1 ga Janairu, da za a je kallon bikin Afan a Kagoro, lulluɓe motar ya yi da tamfol, ya ɗora iyali a kan acaba biyu.

To amma ruwan wankan nan ba sama yake komawa ba. Ƙofata yake kwanciya, ya yi kore, sauro ya buɗe unguwa a ciki. Sau biyu autana yana kwanciya da zazzaɓi a tsakiyar rani. Mata suna layi a bakin famfo tun ƙarfe biyar, wani yana kwarara jarka shida a kan ƙarfen da ba ya jin ƙishirwa. Wannan ba tsafta ba ce, rashin ta-ido ne.

Wai ma in son goge ƙarfe ne, ga tashar jirgin ƙasa can. Tun 1927 dogo ya mai da garinmu Kafanchan mahaɗa, shi ya tara kakanninmu daga kudu da arewa ya yi garin. Yau je ka gani: tsatsa ta ci taragu, ciyawa ta haɗiye layi, awaki ne ke duba tikiti. Da za a tara masu buroshin garin nan a ba kowa tarago ɗaya, da ko jirgin bai tashi ba an ga fuska a jikinsa. Mun dai ƙware: abin da ba ya tafiya, shi muke iya kula da shi, shi ma sai in namu ne.

Jiya ƙugun ya matsa, na roƙe shi ya miƙa ni asibiti, ni zan zuba mai. Ya dubi takalmina, ya dubi sama, ya ce, "Malam, yau hazon ya yi yawa." Ya tsayar mini da ɗan acaba, ya ce ya faka can nesa saboda hayaƙi. Har mun ɗaga ya ƙwala mini kira.

"In ka biyo ta kasuwa, don Allah buroshi ɗaya. Shuɗi. Mai laushi."