Zakin da Ya Maƙale a Falona

A gidanmu ni ake kira Injiniya. Asalin sunan kuwa, wata rana rimot ya daina aiki, na canza masa batiri ya tashi. Tun daga ranar nake jin kaina, kuma wannan jin kan ne ya ja mini abin da zan ba ku labari.

Mun je gaisuwar Sallah gidan yayan matata, sai ya kunna mana wani fim na namun dajin Serengeti. Wallahi gashin bakin zakin nan da na ga dama sai in ƙirga shi ɗai-ɗai. Na tambaye shi sirrin, ya nuna mini wani ɗan akwati a ƙarƙashin talabijin, ya ce ƙaramar kwamfuta ce, ita ke karanto fina-finai daga filas. Na gyaɗa kai irin na wanda ya daɗe da sani. A mota na ce da Maman Abba sati ɗaya ya yi yawa, za ta ga irinsa a falonta. Ta ce, "Allah ya ba da sa'a, Injiniya."

Washegari na shiga kasuwar 'yan waya. Yaron shagon ya kira ni Alhaji sau uku, ni da ko filin jirgi rakiya ce kawai ke kai ni, sannan ya miƙo wani baƙin akwati da aka rubuta 8K ɓaro-ɓaro a kwalinsa. Na yi lissafi irin na masu ilimi: na surukina 4K ne, ashe ma zan ninka shi. Ko ragin kirki ban nema ba.

Bayan sallar isha'i na tara iyali, na sa fim ɗin da na kwafo. Zaki ya laɓaɓo, ya zabura, ya yi tsalle kan barewa, sai ya tsaya cak a sama. Gurnaninsa ya riga ya wuce gaba, mai bayani yana ta ba da labarin yadda aka cinye barewar, ita kuwa tana nan tsaye lafiya lau. Can ƙaramar 'yata ta ce, "Baba, gajiya ya yi?"

Daren nan ban yi barci ba, na yi ta tonon intanet. Ashe bidiyo ɗaure shi ake yi tamau kamar dilar gwanjo, na'ura ce ke kwance ɗaurin yayin da kake kallo. Akwai tsohon salon ɗauri, H.264, na 2003, akwai kuma H.265 na 2013, wanda ke matse fim ya koma kusan rabin girmansa. Sai dai duk ɗaurin da ya fi tsauri ya fi wuyar kwancewa. Hoton 4K guda ɗigo 3840 ne a kwance, 2160 a tsaye, sama da miliyan takwas ke nan, kuma fim na son a zubo irinsa 24 a kowace daƙiƙa. In babu wani sashe na musamman a cikin na'urar da aka ƙera don wannan aikin kaɗai, dole ta riƙa haki. Nawa akwatin, 8K ɗinsa a kwali ya tsaya.

Wani ɗan ƙanwata da ke karatun kwamfuta a jami'a ya ce in rabu da akwatunan kasuwa, in nemi Raspberry Pi, wata 'yar kwamfuta mai faɗin katin ATM da aka fara sayarwa a Ingila a 2012 kan dala 35, in ɗora mata manhajar Kodi. Bai gama magana ba na katse shi, don Injiniya ba ya son dogon bayani. Na samo ta hannu, na biya, na kawo gida. Pi 3 ce, ta 2016. Wadda ke kwance H.265 da kanta ita ce Pi 4, ta 2019. Abin da yaron ke shirin gaya mini ke nan lokacin da na ce masa na gane.

To, na sayi Pi 4 ɗin. Kuɗin da na ware don gyaran famfon banɗaki ne, amma wannan tsakanina da ku.

Wayar HDMI ɗina ta ƙi shiga, don ramukan na'urar ƙanana ne, na koma kasuwa. Tana son caja mai bolt 5 da amfiya 3, ni kuwa na ga asara ce, na zare ta wayar Maman Abba na jona. Sai ga wata alamar walƙiya a kusurwar allo, wato wutar ba ta isarta. Abba ya leƙa taga ya ce bai ga hadari ba. Na sake komawa kasuwa, har yaron shagon ya fara tambayata ya iyali.

Sannan zafi. Watan Afrilu ne, Kano kamar an kifa tanda. Ita wannan 'yar na'ura da ta kai digiri 80 sai ta rage gudu don kada ta ƙone, zaki ya koma tafiyar hawainiya. Na ɗauko fankar tsaye guda ɗaya tak da muke da ita a falo na juya ta saitin na'urar. Haka muka zauna mu biyar muna ɗigar gumi, wani abu mai girman sabulun wanka yana shan iska.

Mafi muni shi ne filas. Ya ƙi karɓar fim ɗin da ya haura gigabait 4, na gano tsarinsa na FAT32 ne, kuma iyakarsa ke nan. Na goge shi tas na sauya masa tsari, ina murmushin gwaninta. Sai da na gama na tuna a cikinsa bidiyon bikin ƙanwar Maman Abba yake, kamu da ɗaurin aure da kai amarya, kuma babu kwafi a ko'ina. Kwana uku tuwona na zuwa ba man shanu.

Amma dai a ƙarshe zaki ya dira kan barewa sumul, ba gargada. Na ji kamar in yi guɗa. Na gayyato surukina musamman, aka dafa shayi, na kunna, na harɗe ƙafa ina cewa ya dubi gashin bakin nan.

Ya duba. Ya matsa kusa ya ƙara dubawa. Sai ya tashi ya leƙa bayan talabijin da fitilar wayarsa, ya karanta lambarta, ya ɗan latsa waya, ya ce, "Malam, ai wannan 1366 sau 768 ce."

Ɗigo miliyan ɗaya da 'yan kai. Wato duk ɗigo takwas da na'urata ke shan wuya ta kwance, bakwai zubar da su ake yi a bakin ƙofa. Ni kuma sati biyu ina rantsuwa ina ganin bambanci.

Na yi gyaran murya na ce to ai abu mai sauƙi ne, sai a sayar da wannan a cika a sayo babba. Maman Abba, da tun ɗazu take kallon wani shirin Hausa a wayarta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Talabijin ɗin kayan ɗakina ce, Baba ne ya saya mini," in ji ta. "In ka gama, Injiniya, a juyo mana da fankar."